Ba a Fafe Gora Ranar Cika Fom ɗin JAMB

Lokacin rajistar JAMB na raka ɗan ƙanwata wata cibiyar kwamfuta. Muna cikin layi sai ma'aikacin ya tambayi yaron da ke gabanmu: "Ƙanena, wane kwas za a sa maka?" Yaron ya ce likita. Ma'aikacin ya duba takardunsa, ya ce, "Ai ba ka yi Kemistiri da Fiziks ba." Yaro ya yi shiru, can ya ce, "To yaya, sa min duk wanda ya fi sauƙin samu." Cikin minti biyu aka yanke wa rayuwarsa hanya, mai yankewar kuwa hankalinsa na kan tsawon layi.

Ban ga laifin ma'aikacin ba. An gama da maganar likitancin yaron nan tun shekara uku da suka wuce, ranar da ya shiga SS1 aka raba su ajin kimiyya, ajin adabi da ajin kasuwanci. JAMB, wadda aka kafa a 1978, darussa huɗu take jarraba ɗalibi a kansu, Turanci dole, sauran ukun kwas ne ke ƙayyade su. Mai son likitanci sai da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniyanci sai ya haɗa da Lissafi. Mai son lauya ba ya tsallake Adabin Turanci. Duk wannan a rubuce yake cikin kundin kwasa-kwasai na hukumar, amma yara nawa aka taɓa buɗe wa shi suna 'yan shekara 14? Galibi abin da ke raba su shi ne makin jarrabawar JSS3, ko ajin da aboki ya shiga, ko faɗar Baba cewa gidan nan sai an yi likita.

Abin takaicin shi ne tsarin karatunmu ya hango matsalar tun da wuri. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta yi maganar sanya jami'an ba da shawara a makarantun gaba da firamare. Tsarin 6-3-3-4 da ya fara aiki a 1982 ya ware shekara ukun ƙaramar sakandare don yaro ya ɗanɗana aikin katako, ƙarfe, lantarki, noma da kasuwanci, a ga inda hannunsa ya faɗa. An shigo da injuna daga waje domin hakan, da yawansu suka tsufa cikin akwatunansu, babu wuta, babu malamin da ya iya su. Ofishin ba da shawara kuwa, inda ma akwai shi, sau da yawa a hannun malamin ladabtarwa yake. Wane yaro zai kai burinsa wurin mai bulala?

Alhali asalin abin bai ci kuɗi ba. A 1959 wasu mata 'yan mishan na Katolika a kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado, Ibadan, suka ga ɗalibansu za su gama ba su san ina za su dosa ba. Sai suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban, kowa ya zo ya yi bayanin aikinsa. Daga wannan zama ake lissafa farkon ba da shawara kan sana'a a makarantun Najeriya. Babu inji, babu kwangila. A Arewa ma muna da shaidar amfanin sammako: makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Jihar Kano ta buɗe a 1977 sun zaɓo yara da wuri, suka nuna musu alƙibla, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu ba sa ƙirguwa da yatsu.

Sai dai ko yaron da ya dace da aji, ayyukan da ya sani ba su wuce biyar ba: likita, lauya, injiniya, soja, kwastam. Alhali hanyoyin sun fi haka yawa: ɗauki Zariya kaɗai. Ban da Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kwalejin fasahar jiragen sama da aka kafa a 1964, wadda ba matuƙa kawai take horarwa ba, har da masu gyaran jirgi da masu ba shi hanya. Akwai cibiyar fasahar sufuri, akwai ta kimiyyar fata a Samaru. A asibiti, bayan likita akwai mai gwajin jini, mai ɗaukar hoton ƙashi, mai gashin ƙashi, mai harhaɗa magunguna, ungozoma. Yarinyar da makinta bai kai na likitanci ba takan koma gida tana kuka, ba ta san ƙofofin asibitin sun fi ɗaya ba.

A 2011 hukumar tsara manhaja ta NERDC ta saka darussan sana'a 34 a babbar sakandare, aka ce kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya. Niyya ta yi kyau. Amma makarantu da dama sun zaɓi waɗanda alli da allo ke isar musu: a koyar da kiwo ba tare da ko kaza ɗaya ba, a koyar da sarrafa bayanai a inda babu kwamfuta. Yaro ya ci kiredit, hannunsa bai taɓa komai ba.

Ni a ganina, ɗakin gwajin da makaranta ta rasa yana nan cikin gari. Ga Fanteka a Kaduna, wadda har Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta haɗa hannu da maƙeranta don ba su takardar shaidar ƙwarewa. Ga kasuwar waya ta Farm Centre da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Dogon hutun SS1 da SS2, da watannin zaman jira tsakanin NECO da samun gurbi, lokaci ne mai yawa da ke ƙarewa a majalisa da latsa waya. Yaron da ya yi mako shida a shago yana koyon abin da babu a manhaja: buɗewa kafin maigida ya iso, rubuta ciniki, haƙuri da mai saye, riƙon amanar kuɗin wani. Ko da ya gano ba ya son aikin, ya ci riba, domin gara ya gane yanzu da ya gane yana aji uku a jami'a.

Ɗan ƙanwar tawa injiniyancin lantarki ya cika a fom ɗinsa. Kafin sakamako ya fito na kai shi wurin wani mai haɗa sola a unguwarmu. Makon farko tsani kawai ya ɗauka, ya dawo yana ƙorafin rana. A mako na biyar ya zo min da littafin Fiziks ɗinsa na SS2, yana nuna min shafin da ya ce sai yanzu ya fahimci dalilin da ya sa batirin gidanmu ke mutuwa kafin asuba.