Me ya sa ake ce-ce-ku-ce kan 'yan wasan fim ɗin Children of Blood and Bone?

Tun a watan Janairun 2025, lokacin da kamfanin Paramount na Amurka ya fitar da sunayen waɗanda za su fito a fim ɗin Children of Blood and Bone, masoya littafin suka rabu gida biyu. Wasu na murna da ganin manyan taurari baƙar fata sun cika fim guda, wasu kuwa na cewa an zaɓi suna an bar labari. Kamfanin ya tsayar da ranar 15 ga Janairun 2027 don fara haska fim ɗin a gidajen sinima.

Ga wanda bai san littafin ba, Tomi Adeyemi ce ta rubuta shi, Ba'amurkiya 'yar asalin ƙabilar Yarbawa ta Najeriya, wadda aka haifa a 1993. Ya fito a watan Maris na 2018, kuma shi ne na farko cikin jerin littattafai uku. Na biyu ya fito a 2019, na uku a 2024. Masu karatu da Faransanci a Nijar da Kamaru da Chadi za su same shi da sunan De sang et de rage, fassarar da kamfanin Nathan ya wallafa a 2019.

Labarin ya faru ne a wata ƙasa ta almara mai suna Orïsha. Sarkinta Saran ya sa an hallaka masu baiwar tsafi a dare ɗaya, ya bar 'ya'yansu cikin ƙasƙanci da haraji mai nauyi. Ana gane su da farin gashi. Zélie, wadda aka kashe mahaifiyarta tana ƙarama, ita ce ta tashi neman dawo da baiwar, tare da yayanta Tzain da gimbiya Amari, 'yar sarkin, wadda ta tsere daga fada bayan mahaifinta ya kashe hadimarta kuma aminiyarta Binta. Yarima Inan kuma yana biye da su da sojoji. Bahaushe zai yi murmushi idan ya duba taswirar ƙasar, domin akwai Sokoto da Gombe da Jimeta, sai dai marubuciyar ta ɗauki sunayen ne kawai ta ajiye su inda ta ga dama. Jimeta ta zama matattarar 'yan fashin teku, Ilorin kuma ƙauyen masunta a bakin teku.

An daɗe ana jan ƙafa kan fim ɗin. Kamfanin Fox 2000 ya sayi haƙƙin tun kafin littafin ya fito, daga baya aikin ya koma hannun Lucasfilm bayan Disney ya saye Fox, sannan Paramount ya karɓa a 2022. An ba Gina Prince-Bythewood aikin bada umarni, wadda ta yi The Woman King a 2022, fim ɗin mayaƙan mata na Dahomey. Daga can ta taho da mutanenta: Thuso Mbedu 'yar Afirka ta Kudu a matsayin Zélie, da Viola Davis da Lashana Lynch. Damson Idris ne Inan, Tosin Cole ne Tzain, Chiwetel Ejiofor ne sarki Saran, ga kuma Idris Elba da Cynthia Erivo. Sai Amandla Stenberg a matsayin Amari, kuma a kanta aka fi tada jijiyar wuya.

Batun launin fata

Wanda bai karanta littafin ba zai iya ganin abin a matsayin tsegumi, tunda ita ma Stenberg baƙar fata ce a lissafin Amurka: mahaifiyarta Ba'amurkiya ce baƙa, mahaifinta ɗan Denmak. To amma a cikin labarin, launin Amari ba ado ba ne. A fadar Orïsha hasken fata alama ce ta asali da daraja, ita kuwa gimbiyar ta fi sauran 'yan sarauta duhu, har mahaifiyarta ta dinga tilasta mata shafe-shafen da za su haskaka ta. Wannan raunin yana cikin dalilan da suka sa ta fi kusa da Binta fiye da 'yan gidansu. Masu suka na cewa idan aka ɗauko mace mai haske sosai, dole a yi ɗaya cikin biyu: ko a share wannan ɓangare na labarin, ko a nuna wa mai kallo uwa tana goge fatar 'yar da ba ta da duhun da za a goge.

Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Daga kasuwar Kano zuwa ta Maraɗi da Garuwa, mun san man bilicin, mun san amaryar da ake ta shafe-shafe kafin biki, mun kuma san yadda fara ke saurin samun matsayin jaruma a finafinanmu, baƙa kuwa a ba ta 'yar aiki ko muguwar kishiya. 'Yan mata da yawa da suka karanta littafin sun ga kansu a jikin Amari, shi ya sa abin ya yi musu zafi.

Sun kuma tuna wa Stenberg maganarta ta 2018, inda ta ce ta janye daga neman matsayi a fim ɗin Black Panther saboda ta ga bai dace mai haske irinta ta fito a cikin 'yan Afirka masu duhun fata ba. Tambayarsu ita ce: me ya canza?

Ita ma ta mayar da martani a wani bidiyo. Hujjarta ita ce littafin ya kwatanta fatar Amari da launin jan ƙarfe, kuma labarin yana buƙatar a ga bambancin launi tsakanin 'yan sarauta da waɗanda ake zalunta, don haka gimbiyar ba za ta yi duhun Zélie ba. Akwai kuma wani tarihi a tsakaninta da marubuciyar. A 2012, tana yarinya, Stenberg ta fito a matsayin Rue a fim ɗin The Hunger Games, wasu fararen fata suka yi ta zage-zage wai ba su zaci baƙa ce ba. Adeyemi ta sha faɗa cewa wannan cin mutuncin yana cikin abubuwan da suka tunzura ta rubuta labarin da baƙaƙe ne jarumansa. A gani na hujjar tana da ƙarfi, amma rabin tambayar ta amsa. Gaskiya ne Amari ta fi Zélie haske. Gaskiya ne kuma ta fi mahaifiyarta duhu, kuma a nan ne ciwon yake. Zagi da barazanar da wasu suka yi wa 'yar wasan kuwa ba su da wani uzuri, domin ba ita ta ɗauki kanta aiki ba.

Ina 'yan gida?

Ƙorafi na biyu daga Najeriya ya fi fitowa. Labari ne da aka gina kan al'adun Yarbawa, addu'o'in tsafin cikinsa ma da Yarbanci aka rubuta su, amma cikin manyan sunayen farko babu ko ɗaya da ke zaune yana aiki a Nollywood. Idris da Cole da Ejiofor da Erivo duk 'ya'yan 'yan Najeriya ne, sai dai a ƙasashen waje suka tashi. Jarumar kanta 'yar Afirka ta Kudu ce, can kuma aka ɗauki fim ɗin. Yarbanci harshe ne mai karin sauti kamar Hausa, ƙaramin kuskure na iya juya ma'ana, kuma masu kallo a Legas sun gaji da jin wannan lafazi guda da Hollywood ke yi wa duk wani ɗan Afirka. Ku kwatanta da a ce an yi fim ɗin Bayajida, a ba wanda ba ya iya bambance "ƙasa" da "kasa" matsayin sarauniya Daurama ko mijinta.

Daga baya an ƙara wasu sunaye daga gida, ciki har da tsohon ɗan wasa Richard Mofe-Damijo da mawaƙiya Ayra Starr, bayan an buɗe ƙofar gwaji ga 'yan Najeriya. Hakan ya ɗan kwantar da ƙura, ko da yake manyan matsayi huɗu sun riga sun tafi.

Dalilin kamfanin ba ɓoyayye ba ne. Fim ɗin almara irin wannan yana cin maƙudan kuɗi wajen gina birane da namun daji na kwamfuta, kuma masu zuba jari suna son fuskokin da za su ja mai kallo a Landan da Faris da Atlanta. Afirka ta Kudu kuma tana da ɗakunan ɗaukar fim da ma'aikatan da Hollywood ta saba da su. Sannan sakamakon wannan fim ne zai nuna ko za a yi na littafi na biyu da na uku, har ma ko wani kamfani zai sake zuba irin wannan kuɗi a labarin almara na Afirka ta Yamma. Shi ya sa da yawa daga masu sukar suke cewa duk da haka za su sayi tikiti a watan Janairu, su zauna su ga ko an bar wa Amari uwarta da kwalaben shafe-shafenta.