Sama Tas, Teku Na Tafasa: Yadda Ake Karanta Hasashen Yanayi a Tsibiran Hawai

Daga watan Oktoba zuwa Afrilu, ofishin hukumar yanayi ta Amurka da ke Honolulu yakan fitar da wata sanarwa wadda mutanen tsibiran Hawai suka saba da ita kamar yadda manomi ya saba da hadarin gabas. Takan ce iska mai sanyi na tafe daga arewa maso yamma, za ta fara da tsibirin Kauai, ta gangaro Oahu, sannan Maui. Can ƙasa kuma sai a ƙara da cewa igiyar ruwa za ta kai ƙafa kaza a gaɓar arewa. Baƙon da ya zo shan iska yakan karanta layin farko, ya ga ruwan sama sai jibi, ya ɗaga kai ya ga gari garau, ya kwashi iyalinsa ya nufi bakin teku. To a nan kuskuren yake. Labari biyu ne aka haɗa a takarda ɗaya, na sama da na teku. Guguwa ɗaya ce ta haife su, amma ba hanya ɗaya suke bi ba, ba kuma rana ɗaya suke isowa ba, sannan na biyun ne ya fi cin rai.

Hawai na tsakiyar Tekun Pasifik, kuma nisanta daga layin da ya raba duniya biyu bai fi na Bilma a arewacin Nijar da yawa ba. Iskar da ta fi kaɗawa a can 'yar uwar iskar hunturunmu ce, dukansu daga arewa maso gabas suke fitowa. Tamu takan ratso Sahara ta zo da ƙura da kaushin fata, tasu kuwa ta ratso dubban kilomita na ruwa ta zo da danshi, ta zubar da shi a kan duwatsun da ke fuskantarta. Shi ya sa dutsen Waialeale na Kauai ke samun ruwan sama wajen milimita 10,000 a shekara, alhali bayan dutsen ƙasa ce busasshiya. Idan goshin sanyi ya matso, wato layin da iskar arewa mai sanyi ke tunkuɗa iska mai ɗumi a gabanta, wannan tsari duk sai ya juye. Iskar gabas ta mutu, gari ya yi shiru, sannan wata ta taso daga kudu ko kudu maso yamma, wadda suke kira Kona. Ita ce ke kawo gumi da nauyin jiki, wani lokaci ta kwaso hayaƙin dutsen wuta na Kilauea har Honolulu, kuma ta kai ruwan sama ɓangaren da bai saba da shi ba. Bayan layin ya wuce sai iskar arewa mai bushewa ta shigo, gari ya washe, kwana biyu ko uku iskar gabas ta dawo aikinta.

Wani zai ce wane irin sanyi ne wannan a ƙasar kwakwa da abarba? Yana da gaskiya. Kafin iskar ta iso ta yi kwanaki tana tafiya a kan ruwa mai ɗumi, kaifinta ya dushe. Honolulu ba ta taɓa yin sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 11 ba tun da aka fara rubuta awo, kuma mutumin Jos ba zai nemi bargo na biyu a can ba. Sau da yawa ma layin yakan gaji ya watse tun bai kai mafi girman tsibiran ba, wato Babban Tsibiri, duk da cewa ƙanƙara na sauka a ƙwanƙolin dutsensa Mauna Kea mai tsayin mita 4,200 da ɗoriya. Amma wannan hujja gefena take ƙarfafawa. Goshin sanyin da ya iso Hawai jela ce kawai. Jikin dabbar na can arewa, wajen tsibiran Aleutian tsakanin Alaska da Rasha, inda manyan guguwowin hunturu ke kwana da yini suna dukan teku. Jelar tana iya isowa a raunane, ko ta ƙi isowa baki ɗaya, amma abin da guguwar ta zuba a cikin ruwa ba ya fasa tafiya.

Idan iska mai ƙarfi ta daɗe tana hurawa a kan fili mai faɗi na teku, ƙarfinta yakan shiga ruwan ya zama igiyoyi, su kuma su bar wurin su yi gaba abinsu. Masu hasashe na auna tsayinsu, amma lambar da ta fi muhimmanci ita ce tazarar lokaci tsakanin igiya da mai bi mata. Igiyar da iskar kusa ta tayar ba ta wuce sakan 6 zuwa 8 tsakaninta da 'yar uwarta. Wadda ta fito daga guguwar nesa takan kai sakan 17 zuwa 20. Mai sakan 20 tsawonta daga tozo zuwa tozo ya haura mita 600, motsinta na kaiwa zurfin mita 300, kuma ayarinta na tafiyar kusan kilomita 55 a awa. Guguwar da ke nisan kilomita 3,000 ke nan, saƙonta zai iso cikin kwana biyu da 'yan awoyi. Dogayen igiyoyin sun fi gajerun sauri, don haka su ne ke fara zuwa, sau da yawa tun girgije ɗaya bai fito ba. A tsakiyar teku ba su da wani kwarjini, jirgi zai hau ya sauka kamar raƙumi na tafiya. Sai dai tsibiran Hawai duwatsu ne da suka miƙe tsaye daga ruwa mai zurfi, babu doguwar gangara da za ta rage wa igiyar ƙarfi. Da ta taɓa duwatsun ƙarƙashin ruwa na Waimea ko Pipeline a Oahu, ko Peahi a Maui, duk ƙarfin da ke ɓoye a ƙasa sai ya miƙe sama lokaci guda.

Ga kuma wata halayya da ke yaudarar ido. Irin waɗannan igiyoyi zuwa suke yi gungu-gungu, huɗu ko shida a jere, sannan teku ya kwanta na tsawon mintoci kamar bai san komai ba. Wanda ya iso a cikin wannan shiru yakan hau dutse don ɗaukar hoto, ya ba ruwa baya. Nutsewa ce kan gaba wajen hallaka baƙi a Hawai cikin haɗurra, kuma masu ceto a bakin teku ba su gajiya da maimaita cewa kada a juya wa teku baya. Abin mamaki, ranar da masu hawan igiyar ruwa ke jira ita ce wannan rana mai kyau ta kafin isowar layin, domin iskar kudu na hura igiyar ta gaba ta gyara mata fuska sumul. Da iskar arewa ta shigo sai ta dagula ruwan, wasa ya ƙare.

Ana iya cewa masunta da 'yan ƙasa sun yi ɗaruruwan shekaru suna karanta teku ba tare da wata na'ura ba, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Babu mai raina wannan. Kakannin mutanen Hawai da igiyar ruwa da taurari suka gano tsibiran tun farko. Amma idon ƙwararre na ganin abin da ya riga ya iso ne, ba ya hango guguwar da ke bayan kilomita 3,000. Ilimin hasashen igiya ya samo asali ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Harald Sverdrup da Walter Munk suka tsara hanyar sanin ranar da sojoji za su iya sauka a gaɓa lafiya. A 1963 Munk da abokan aikinsa suka jera tashoshin awo daga New Zealand zuwa Alaska, suka bi sawun igiyoyin da suka taso daga kudancin duniya, suka tabbatar suna ƙetare tekun gaba ɗaya ba tare da sun rasa ƙarfi mai yawa ba. Yau akwai na'urori masu kama da manyan tuluna da aka ɗaure a ruwa sama da kilomita 300 arewa maso yamma da Kauai. Idan suka fara rawa da tazarar sakan 20, Oahu na da wajen awa goma ta shirya. Ko wajen awon ma an sha gardama, domin 'yan ƙasa na da ma'auninsu wanda ke ba da kusan rabin tsayin fuskar igiya, ta yadda mai ƙafa goma a bakinsu ta kusa ƙafa ashirin a gaban mai kallo. Hukumar yanayi ta koma faɗin cikakken tsayin fuskar, kuma a gaɓar arewa takan ja kunne idan ya kai ƙafa 15, ta yi babban gargaɗi a ƙafa 25. Wanda bai san da wane mudu aka auna ba, lambar ba ta amfane shi da komai ba.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne hasashe na yin kuskure, kuma gargaɗin da ake yi don a nisanci ruwa shi ne ke tara jama'a a bakinsa. Dukansu gaskiya ne. Gasar tunawa da Eddie Aikau, mai ceto na farko a Waimea wanda ya ɓace a teku a 1978, ba a yin ta sai fuskar igiya ta kai ƙafa 40, shi ya sa cikin shekara arba'in sau 11 kacal aka yi ta zuwa Disamban 2024. Ranar 10 ga Fabrairu 2016 an kira gasar, dubban mutane sun kwana a hanya, gari ya waye igiyar ba ta kai ba, aka soke. Sai bayan mako biyu, ranar 25 ga wata, aka yi ta, John John Florence ya lashe. Amma a duba irin kuskuren. Igiyar ta zo, lokacinta da girmanta ne suka kauce, domin guguwa ta ɗan karkata hanya kaɗan a can nesa ya isa ya sauya lissafin awoyi a nan. Wannan dalili ne na a riƙa duba sanarwa safe da yamma, tun da kullum na'urorin cikin ruwa na gyara abin da kwamfuta ta faɗa jiya. Batun taron jama'a kuwa, da wannan hasashen ne ake rufe bakin ruwa, a kafa jan tuta, a ƙaro masu ceto tun asuba. A Janairun 2023 ɗaya daga cikinsu, Luke Shepardson, yana bakin aiki a Waimea ranar gasar. Ya nemi izini ya sauka daga hasumiyarsa, ya shiga ruwa ya lashe gasar, sannan ya koma ya ƙarasa aikinsa na ranar.