Karanta Launi a Bayan Motar Albasa

Idan albasar Aliero ta fara fita zuwa Kudu da rani, tsaya a bakin titin Jega ka dubi bayan manyan motocin da ke wucewa. Da yawansu na ɗauke da zanen fenti: kogi shuɗi, ciyawa kore shar, giginya biyu a gaɓa, rana jawur tana shirin faɗuwa, wani lokaci zaki ya danne barewa. Irin wannan zanen daji da gulbi akwai abin karantawa a cikinsa.

Fara da koren. A watannin da motocin ke lodi, tudu ya bushe ƙamas, ƙura ta lulluɓe komai, ba ka ganin ɗanyen ganye sai a fadama da bakin gulbin Zamfara. Amma mai zane ya cika allonsa da damina. Abin da zuciya ke fata ya zana, wato ruwa da ƙoshi da komawa gida lafiya. Koren tutar Najeriya, wadda Taiwo Akinkunmi ya tsara a 1959, shi ma albarkar noma yake nufi.

Baƙi ne ya fi ruɗar mai kallo. Baƙin hadari a zanen Bature sau da yawa alamar tashin hankali ne. A nan kuwa, manomin da ya yi shuka yana jiran ruwa, in ya hangi gabas ta yi baƙi ƙirin, ai albishir ya gani. Baƙar laka ita ce ƙasar da shinkafa ke so, rawanin ɗan Kura kuma duhunsa da ƙyallinsa ne darajarsa. Don haka ban yarda da masu cewa kowane launi ma'anarsa ɗaya ba. Sai ka duba inda aka ajiye shi da abin da ke kusa da shi: ja a sararin sama yammaci ne, lokacin hutun matafiyi, ja a bakin zaki gargaɗi ne cewa hanya ba ta da tabbas.

Masu ilimin zane ma sun bi wannan sawu na ɗauko ma'ana daga rayuwar gida. A 1958 ɗaliban kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya don ɗora zanen zamani a kan al'adun gida. Cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, wanda ya yi suna da yawan amfani da shuɗi.

Fentin mota ba ya daɗewa; rana da ƙura na cinye shi, sitika kuma na maye gurbinsa. Ya kamata malaman zane da ɗalibanmu na Kebbi su shiga tasha su ɗauki hotunan waɗannan ayyuka, su kuma zauna da masu yin su tun suna raye.