Kafin a Yi wa Kwamfuta Fomatin

A shagunan buga takardu da ke yi wa ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Gwamnatin Tarayya hidima a Ƙauran Namoda, da makarantu da ofisoshi a Shinkafi da Zurmi, idan kwamfuta ta ƙi tashi magani ɗaya aka fi sani: a kai wa mai gyara ya yi mata fomatin, wato ya share duk abin da ke cikinta ya zuba sabuwar Windows. Sau da yawa kuwa takan tashi, sai kowa ya ɗauka an yi daidai. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne abin da sharar ta kwashe: kundin binciken ɗalibin da ya yi watanni yana rubutawa, sakamakon jarrabawar ɗalibai, littafin bashin ɗan kasuwa. A ganina fomatin ya kamata ya zama mataki na ƙarshe, domin kwamfutar da ta ƙi tashi kusan kullum takan nuna inda ciwon yake, da rubutu ko da ƙara, mu ne ba mu tsayawa mu duba.

Tashin kwamfuta hawa-hawa ne. Da an danna maɓalli, wata ƙaramar manhaja da ke manne a allon injin ce ke fara aiki, tun kafin a je ga Windows. Sunanta BIOS, kuma da ita kwamfutar IBM ta 1981 ta fito. A sababbin injuna UEFI ce ta gaje ta. Ita ke bincikar kayan ciki, ta tabbatar ram da sauran sassa suna amsawa, sannan ta nemi ma'ajiyar da Windows ke zaune a kai ta miƙa mata ragama. Saboda haka inda tafiyar ta tsaya shi ne shaida ta farko. In babu ko ƙyaftawar fitila, galibi maganar wuta ce: caja, batir, ko soket. A garuruwan da ake yini ana sauyawa tsakanin wutar NEPA da janareta da sola, caja na cikin abin da ke fara mutuwa, kuma aron ta maƙwabci mai irin injin ya isa a gane. In fanka tana juyawa amma fuska baƙa ƙirin, injin yana ƙara ɗiɗ-ɗiɗ ko fitila tana ƙyafce a jere, BIOS ce ke cewa wani sashe bai amsa ba, galibi ram. Ƙurar hunturu da girgizar hanya sukan sa ta ɗan ɗaga daga mazauninta. A cire wuta, a zare ta, a goge, a mayar. A duk wannan ba a ma iso Windows ba, balle a ce share ta zai yi magani.

Akwai wata matsala da ta fi yawa a wajenmu saboda irin injinan da muke saye. Mafi yawansu 'yan Kwatano ne, sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin su iso Legas da Kano. A cikin kusan kowane akwai ɗan batiri, a yawancinsu mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, wanda ke riƙe agogo da saitin BIOS. Idan ya ƙare, injin yakan rubuta CMOS checksum error, ko ya ce a danna F1, kwanan wata kuma ya koma shekarun baya. Wani lokaci har saitin ma'ajiya yakan rikice, Windows ta kasa tashi alhali lafiyarta ƙalau. Batirin nan na cikin mafi arhar kayan da ke jikin kwamfuta.

Saƙon da ya fi tayar da hankali shi ne No bootable device, ko Boot Device Not Found da lamba 3F0 a injinan HP. Ma'anarsa kawai an nemi wurin da za a tashi daga gare shi ba a samu ba. Yana iya zama filashi ne aka manta a jiki injin ya fara nemansa, ko ma'ajiyar ta sassauta daga inda aka cusa ta, ko jerin tashin ya canza a BIOS. Yana kuma iya zama ma'ajiyar ce ta mutu. Ana bambancewa cikin 'yan mintuna: a shiga BIOS, da F10 a HP ko F2 a Dell, a ga ko sunan ma'ajiyar ya fito. Idan ya fito, akwai kyakkyawan zaton takardun suna nan daram, abin da ya lalace ɗan fayil ne na buɗe ƙofa, irin wanda ɗaukewar wuta a tsakiyar sabunta Windows kan ɓata. Windows da kanta tana da sashen gyaran tashi, wanda kan bayyana bayan ta kasa tashi a jere, ko a kira shi daga filashin da ake zuba ta da shi. Duniya ta ga misalin haka ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wata sabuntawa ta kamfanin CrowdStrike ta hana injinan Windows kimanin miliyan 8.5 tashi, bisa ƙiyasin Microsoft, jiragen sama suka tsaya, aikin bankuna da asibitoci ya rikice. Maganin da aka bayar shi ne a shiga ta hanyar gyara a goge fayil ɗaya tak.

Wani zai ce saƙonnin nan da Turancin injiniyoyi aka rubuta su, ina ruwan mai shago a Zurmi da su? Gaskiya ne an yi su ba da mu a zuciya ba. Sai dai waɗanda ake yawan gani ba su da yawa, kuma ba a buƙatar a fahimce su kafin a ɗauki hotonsu da waya. Wannan hoton zai iya hana tafiya Gusau wurin mai gyara. Daga Shinkafi ko Zurmi hanyar Gusau ta Ƙaura take bi, kowa kuma ya san kuɗin mota da halin tsaron hanyoyin nan. In mai gyara ya ga hoton ta WhatsApp ya ce batiri ne, an huta da fargaba da kashe kuɗi.

Hujjar masu gyara ta fi ƙarfi, kuma ta cancanci a saurare ta. Fomatin na ɗaukar awa ɗaya ko biyu, sakamakonsa kusan tabbas ne, bincike kuwa yana iya cinye yini, ga man janareta, ga mai kaya ba ya son biyan ladan aikin da bai gani da ido ba. Na yarda akwai lokacin da babu makawa sai an share, kamar idan mugun bairos ya ci tsarin. Amma ko a nan akwai abin da ke gaba da sharewa: a tayar da injin daga filashi mai ɗauke da wata manhajar tashi irin Ubuntu, ko a cire ma'ajiyar a haɗa da wata kwamfuta, a kwashe takardun mutum. Kuma idan ma'ajiyar ce ke kan hanyar mutuwa, tana ƙas-ƙas ko tana nauyi, zuba mata sabuwar Windows gaggauta ajalinta ne. Za ta tashi yau, ta faɗi bayan 'yan kwanaki, a lokacin kuwa an riga an rubuta a kan abin da za a iya ceta. Mai kaya shi ma da nasa haƙƙi: ya yarda ya biya kuɗin bincike, ya kuma tambaya a fili ko an kwashe masa takardunsa kafin a taɓa komai.

Masu cewa a ajiye komai a intanet a huta ba su yi ƙarya ba, amma mutanen Zamfara sun ga iyakar wannan shawara. A farkon Satumbar 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta ba da umarnin rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, yankuna da dama suka yi makonni babu sabis. Wanda takardunsa ke intanet kaɗai bai iya taɓa su ba a lokacin. Don haka a wannan yanki kwafi na biyu ya kamata ya kasance a hannu, a filashi ko ma'ajiyar waje, ana sabunta shi duk mako, kuma ba a cikin jakar da kwamfutar take ba.