Ɗan Leƙen Asirin Bature Da Namu Na Gida

Daga Wakilinmu na Arewa, Kafanchan

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, musamman waɗanda suka bi jirgin ƙasa ta Kafanchan zamanin da tasha ke cika maƙil, za su tuna da 'yan littattafan nan na Pacesetters waɗanda kamfanin Macmillan ya soma bugawa a 1977. 'Yan makarantar Kagoro da Zonkwa kan yi ta aronsu hannu da hannu har bango ya yage. A cikinsu akwai Mark of the Cobra na Valentine Alily, labarin Jack Ebony, ɗan leƙen asirin Nijeriya. Amma fa in gaskiya za a faɗa, James Bond ne wanda Ian Fleming ya ƙago a 1953 aka sāke wa suna: ga bindiga, ga mota, ga 'yan mata.

To, namu na gida ba haka yake ba. A cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, na 1937, ba baƙo ne ya haɗa kai da Sarkin Sinari don a ci amanar Sarki Abdurrahman ba, wazirinsa ne, wanda kullum ke zaune gabansa yana "ranka ya daɗe". Yara kan karanta don labarun aku. Dattawa kuwa sun gane hannunka mai sanda, gama sun ji labarin Adamu Jakada, wanda ke kai wa Gwamna Lugga rahoton sarakuna kafin Turawa su ci Kano a 1903. Shi ba da bindiga ya shiga fada ba, fatauci da kai saƙo su suka buɗe masa ƙofa.