IN KA YI RAUNI A GONA, GA ABIN YI

Ya kai manomi, in kaka ta yi a Bodinga da Shagari, lauje da magirbi da gatari ba su hutawa, ga kuma aikin fadama wajen madatsar ruwa ta Shagari. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, asibiti kuwa da nisa. To, abin da ka yi nan take shi ke ceton hannu ko ƙafa, wani lokaci har rai.

1. Tsai da jini. Ninka ƙyalle mai tsabta, ka danne bakin raunin da ƙarfi har minti 10, ban da leƙe. Ɗaga wurin sama. In ƙyallen ya jiƙe, ɗora wani a kansa.

2. Wanke. In jini ya tsaya, wanke hannunka, ka wanke raunin da sabulu da ruwan sha mai yawa, har ƙasa ta fita. Sannan ka rufe, amma kada ɗaurin ya matse.

3. Kada ka sa kashin shanu, ko ƙasa, ko toka. Ƙwayar ciwon tetanus tana cikin ƙasa da taki. Takan yi kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, sai haƙora su sarƙe, jiki ya sandare. Ko ƙusa ko ƙaya ka taka, je ka a yi maka allurar rigakafi ran nan.

4. Saran maciji. Kububuwa ƙarama ce, amma dafinta yana hana jini daskarewa. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe da guru tun kumburi bai zo ba. A kwantar da mutum, a tallafe ƙafar da kara kamar mai karaya, a ɗauke shi. Kada ya taka da kansa. Allurar kashe dafi ce magani, a asibiti take.

Jinin da ya ƙi tsayawa, rauni mai zurfi, cizon kare, mugunya ko zazzaɓi, duk na asibiti ne. A nufi babban asibitin Bodinga ko na Shagari. In abin ya fi ƙarfinsu, sai Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Gobe in za ka gona, sa takalmi, ka riƙa sabulu da ƙyalle mai tsabta a jakarka. Rigakafi ya fi magani.