Yadda Masana Ke Rarrabe 'Yan Kulɓar Ostareliya

Kowa ya san kulɓa, mai sulɓin jiki, wadda kan shige cikin busasshen ganye da zarar ta ji motsi. To, a ƙasar Ostareliya kulɓa ta fi iri 400, da yawa kuwa ƙanana ne ƙwarai. Akwai wata da masana ke kira Menetia greyii, wadda John Edward Gray na gidan ajiye kayan tarihi na Landan ya raɗa wa suna cikin 1845. Tsawonta daga hanci zuwa gindin wutsiya kamar inci 1½ ne kurum. Yaya ake bambanta waɗannan 'yan mitsi-mitsi, alhali galibinsu ruwan ƙasa ne?

Launi dai ba abin dogara ba ne, gama mazan wasu kan sāke shi lokacin barbara. Saboda haka mai bincike yakan ɗauki gilashin ƙara girma ya duba abu uku.

Na farko, fatar ido. Wasu suna ƙiftawa, amma a fatar ta ƙasa akwai wata 'yar taga garau, ko sun rufe ido suna gani. Wasu kuwa fatar ta manne ɗungum, ta zama kamar tabarau, ba su ƙiftawa har abada. Na biyu, yatsu. Dangin Menetia da na Carlia duk yatsu 4 gare su a ƙafar gaba, 5 a ta baya, amma Carlia na ƙiftawa, Menetia ba ta yi. Dangin Lampropholis da na Cryptoblepharus kuma 5 ne gaba da baya, nan ma ido ke raba gardama: na farko na ƙiftawa, na biyu ba ya yi. A dangin Lerista, masu nutsewa cikin rairayi, akwai waɗanda ba su da ƙafafun gaba sam. Na uku, ɓawon da ke rufe da jiki. Akan ƙidaya layukansa kewaye da tsakiyar jiki, sa'an nan a duba na bisa kai, ko a rarrabe suke ko sun haɗe.

Me ya sa ba a tsaya kan alama guda ba? Domin an taɓa yin haka, aka ɓata. Dā duk 'yar kulɓar da idonta ba ya ƙiftawa akan jefa ta cikin dangi ɗaya, watau Ablepharus, ko ta Asiya ce ko ta Ostareliya. Sai cikin 1969 Ion Fuhn, wani masani na ƙasar Rumaniya, ya duba ƙasusuwan kansu, ya nuna ba tsatso ɗaya suka fito ba. Ashe manniyar fatar ido ta auku ne dabam dabam cikin zuriyoyi masu nisa da juna. Cikin 2007 kuma Paul Horner na birnin Darwin ya haɗa awon jiki da binciken abin da ake gada cikin nama, ya tarar Cryptoblepharus na Ostareliya, waɗanda aka ɗauka 'yan kaɗan ne, sun fi iri 20.

Wani zai ce wannan wahalar banza ce. Mu ba mu ga haka ba. Akawu ya sani in an rubuta mutum biyu da suna ɗaya cikin littafi, ɗaya na iya ɓacewa ba wanda ya farga. Haka ga dabba. Kulɓa mai shuɗiyar wutsiya ta tsibirin Kirsimeti, wanda ke ƙarƙashin Ostareliya, an san ta da sunanta, Cryptoblepharus egeriae. Don haka da aka ga tana ƙarewa sai aka kama wasu aka yi ta kiwonsu, kuma ko da yake cikin 2017 aka shaida ta ƙare a daji, irinta bai ɓace ba. Wadda ba ta da suna fa, wa zai nemi ceton ta?

Muna fata malamai za su koya wa yara duba da ƙidaya kafin yanke hukunci. Kama da wane ba ta wane.